Wuƙar Liborio Ta Ƙi Rufuwa

A garinmu na Pietravento, can saman duwatsun Molise inda jaki ma sai ya huta sau biyu kafin ya iso dandali, an yi wani mutum wai shi Liborio. In ka tambaye shi sana'arsa, sai ƙafarka ta yi sanyi bai gama ba: ya yi soja, ya tuƙa jirgin ruwa, ya taɓa gyara wa wani janar agogo. In ka tambayi matarsa Almerinda, kalma ɗaya za ta ba ka, ta ce surutu. Sojan dai ya yi, ba a hana shi, wata goma sha takwas yana feraye dankali a bariki. Abin da kowa ya yarda ya iya shi ne kiwon gashin baki. Baƙi wuluk, mai tsini biyu, kullum da safe sai ya murza masa man zaitun kafin ya gaida kowa.

Ranar sha uku ga Yuni, ranar Waliyyi Antonio, makiyaya kan sauko da cukun farko na shekara, ƙato kamar tulu, su ɗora shi kan tebur a ƙofar coci. Mutum ɗaya ke yanka shi, da wuƙar aljihunsa ta kansa, gari na kallo. Wanda ya samu wannan yanka ya samu ke nan har kabari. Ana cire masa hula a hanya, bencinsa a coci na gaba ne, in ana gardama kan iyakar gona shi ake kira. Shekara arba'in tsoho Sabatino, kawun Liborio, yana riƙe da abin, sai sanyin bana ya tafi da shi.

Don Eliseo, fadan cocin garin, ya kira Liborio ɗakin ajiye kayan coci.

"Jinin Sabatino ne kai, don haka bana kai za ka yanka. In ka yanka lafiya, naka ne. In ka yi abin da ka saba, na Onofrio ne, kuma ba na son ƙarin magana."

"Me na saba, Fada?"

"In fara daga ƙararrawa, ko daga rijiya?"

Liborio ya ce ba sai an fara ba.

Onofrio ɗin nan makiyayi ne, dogo, busasshe, wanda maganarsa ta mako ba ta cika cokali. Wuƙarsa ta gado ce, wasawa ta cinye ta har ta koma kamar ganyen zaitun. Liborio ya tuna wannan wuƙa, ya dubi tasa da ba ta fi ta da komai ba, sai dabara ta faɗo masa. Ba yanka kawai zai yi ba. Zai sa hannu a aljihu, ya fito da abin da Pietravento ba ta taɓa gani ba, ya danna maɓalli, ƙarfe ya yi tsalle da kansa. Daga ranar, ko jikokin Onofrio ba za su ƙara kallon teburin nan ba.

Almerinda ta ce, "Ka manta Mareshallo Santilli, shugaban 'yan sanda, ya ce duk wanda ya kama da wuƙa mai maɓalli a titi, zai ƙwace, mai ita kuma ya kwana a wajensa?"

"A rufe cikin aljihu wa zai gan ta? In na fito da ita kuma, a ƙofar coci nake, ikon Fada ne. Doka ba ta hawa matakala, Almerì. Na san doka, na yi soja."

"Ka san dankali."

Motar Frosolone, garin maƙeran wuƙa, ranar Alhamis kawai take zuwa, biki kuma Asabar ne. Da safiyar Alhamis Liborio ya shiga mota da akuya, ya sauka da ita a kasuwa, ya isa shagon Mastro Egidio babu akuya.

Mastro Egidio tsoho ne mai tabarau biyu, ɗaya a hanci ɗaya a goshi. Ya saurari bayanin Liborio har ƙarshe, wanda ba kowa ke iyawa ba, sannan ya ɗauko wata faffaɗar wuƙa mai lanƙwasa ya ajiye.

"In cuku ne, ga ta. Mai maɓalli siririya ce, ba a yi ta don cuku ba."

"Baba, ban hau mota awa biyu don a ba ni wuƙar mata ba. Fito da wadda kake ɓoyewa."

Tsoho ya dube shi ta saman tabarau, ya jawo aljihun tebur, ya warware wani ƙyalle. Gaskiya wuƙa ce. Ƙotarta ƙahon sa ne mai ruwan zuma, an goge shi har kana ganin fuskarka, wuyanta da gindinta farin ƙarfe, ko gashi ba zai shiga tsakanin haɗin ba. Mastro ya taɓa maɓalli. Tak. Ruwan wuƙar ya miƙe, dogo, siriri, ya tsaya cik ba ko girgiza. Kafin Liborio ya haɗiye yawu, yatsun tsoho sun yi wani ɗan motsi, wuƙa ta koma ta kwanta.

"Wata biyu na yi a kanta," in ji Mastro. "Matso in nuna maka yadda ake rufe ta."

Liborio ya yi dariya har tsinin gashin bakinsa na rawa. "Ni za a koya wa rufe wuƙa? Baba, wuƙaƙen da na rufe a soja sun fi waɗanda ka ƙera."

"Irin wannan?"

"Waɗanda suka fi ta."

"To madalla." Tsoho ya naɗe ta, ya miƙa masa, bai ƙara kalma ba. Na san maƙeran Frosolone. Sau ɗaya suke tayi.

A hanyar dawowa, da mota ta zo kan gada, Liborio ya zaro tsohuwar wuƙarsa ya nuna wa fasinjoji, ya ce ta gama aiki, ya wurga ta cikin kwazazzabo.

Niyyarsa kada kowa ya ga sabuwar sai ranar biki. Niyyar ta kai har ƙarfe tara na safiyar Juma'a. Lokacin nan ya shiga shagon Erminio mai aski, inda mazan garin ke taruwa ko da kansu babu gashi. Onofrio na zaune a lungu, ya sauko sayen gishirin tumaki.

"Ɗan uwa, ara mini wuƙarka in duba wani abu."

Onofrio ya miƙa masa. Liborio ya ɗaga ta sama, ya juya ta, ya kanne ido ɗaya.

"Da wannan yanka ake yi, ko sakace?"

Aka yi dariya kaɗan. Ya mayar masa, ya gyara tsayuwa a tsakiyar shago, ya sa hannu a aljihu a hankali kamar mai ciro wasiƙar sarki. Tak.

Matajin Erminio ya faɗi ƙasa. Mutum biyar suka miƙe a tare. Wannan ya ce a bar shi ya taɓa ƙahon, wancan ya ce ya ga irinta sau ɗaya a hannun wani ɗan Napoli. Liborio ya yanka iska hagu da dama, ya ce maƙerin da hawaye ya rabu da ita, ya ce janar ɗin da ya gyara wa agogo ma tasa ba ta kai wannan ba.

Onofrio ya ce, "Ta yi kyau. Rufe ta mu gani."

Liborio ya danna maɓalli. Shiru. Ya sake dannawa yana tura bayan ƙarfen da tafin hannu. Ko gezau.

Irin wannan wuƙa, maɓallinta buɗewa kawai ya sani. In ta miƙe, wani ɗan haƙori ne ke kama ta ta baya, kuma ba ya saki sai an murɗa ƙarfen wuyanta gefe. Abu ne na ƙiftawar ido ga wanda aka nuna wa. Wanda ba a nuna wa ba, sai ya danna maɓalli har yatsansa ya yi ƙanta. A shagon nan kuwa babu wanda ya taɓa riƙe irinta.

"Sabon ƙarfe ne," in ji Liborio. "In an buɗe shi karon farko, sai an bar shi ya sha iska."

"Har yaushe?"

"Ya danganta da iskar."

Erminio, da ke kallon taga, ya ce a hankali, "To ga wata iska nan tana tsallako dandali da hula."

Mareshallo Santilli ne, shugaban 'yan sandan garin, mai zuwa gyaran fuska kowace Juma'a. Ƙofar shagon ɗaya ce. Wuƙa a buɗe ta kai taƙi ɗaya da rabi, aljihu ba ya ɗaukarta. Liborio ya duba hagu, ya duba dama, ya faɗa kan kujerar aski, Erminio ya yafa masa farin ƙyalle daga wuya har gwiwa.

"Barkanku da hutawa," in ji Mareshallo.

"Yallaɓai, barka da zuwa."

"Gama masa, Erminio. Yau ba na sauri." Ya ɗauki jarida, ya zauna daidai bayan kujerar.

Liborio ya yi lissafi. In aka gama aski za a yaye ƙyalle, in aka yaye ƙyalle zai kwana a wajen Mareshallo, Asabar kuma ta wuce. Abin da ya rage shi ne kada aski ya ƙare.

"Rage mini gefe kaɗan."

Aka rage.

"Ƙeyar fa? Ƙara."

Aka ƙara. Mareshallo ya juya shafi.

"Zafi ya shigo, Erminio. Kwashe duka."

"Duka?"

"Kurma ne kai?"

Gashi ya zube har kan Liborio ya fito fari tas kamar ƙwan da aka ɓare. Aka yi gyaran gemu sau biyu. Aka cire gashin kunne, aka leƙa hanci. Mutanen shago sun ƙura wa rufi ido, kafaɗunsu na motsi. Mareshallo ya kai shafin ƙarshe, ya ninke jarida.

"An gama?"

"Saura," in ji Liborio. "Saura gashin baki."

Erminio ya sunkuyo kunnensa. "Ka tabbata, mutumina? Shekara ashirin fa."

"Alkawari na yi wa waliyyi. Aske."

Mareshallo ya gyaɗa kai, ya ce ibada irin wannan ta yi ƙaranci a zamanin nan. Aska ta hau. Ɓangaren dama ya faɗo kan ƙyalle kamar mataccen ɓera. A daidai lokacin wani ɗan sanda ya leƙo ta taga ya ce ana kiran Yallaɓai a waya daga birni. Mareshallo ya sa hula, ya ce sai ya dawo da yamma, ya fita.

Liborio ya dubi madubi ya ga rabin gashin baki yana kallonsa.

Onofrio ya ce, "A bar wa waliyyi rabi, ko a cika masa?"

Da ya isa gida, wuƙar naɗe cikin tawul ɗin Erminio, ya tarar da Almerinda tana cuɗa ƙullun burodin biki. Ta ɗago ta dubi mai sanƙon da ya tsaya a ƙofa.

"Maigidan ba ya nan."

"Ni ne."

Ta dube shi sama da ƙasa, hannuwanta cikin ƙullu. "Akuya ka kai kasuwa, ko kai aka kai?"

Ya kwashe labari ya faɗa mata, ta inda ya fi masa kyau. Sannan ya shiga aiki. Ya ɗiga wa wuƙa mai. Ya tsoma ta a ruwan zafi, wai ƙarfe ya saki jiki, ya tsoma ta a na sanyi, wai ya tsorata. Ya dafa bayanta a gefen tebur ya hau da nauyinsa, tebur ya tsage. Ya sa ta tsakanin ƙyaure da bango ya tura, ƙyaure ya fice daga mazauninsa ya kwanta a tsakar gida. Maƙwabta suka fito barandarsu da abin tuyarsu a hannu.

"Almerinda, ƙaura kuke yi?"

"A'a, janar ne ke yaƙi."

"Wa ke cin nasara?"

"Wuƙar."

"Ku shiga harkarku," in ji Liborio daga ƙasa. "Gwaji nake yi. Wuƙar da ta rufu da sauƙi, wuƙar banza ce."

Yana faɗin haka babban yatsansa ya zame. Almerinda ta ɗaure masa shi da tsumma, ba ta tausaya wajen ɗaurin ba.

"Ɗauki tsohuwarka ka yanka cukun, a wuce wajen."

"Tana ƙarƙashin gadar Frosolone."

"To je wajen Onofrio. Makiyaya sun san wuƙa, wataƙila ya gano kanta."

"In je in ce wa Onofrio ya taimake ni? Gara a binne ni da ita a buɗe."

"Sai an ƙara wa akwatin gawar tsawo."

Ta aro ba ta halatta, al'ada ta ce wuƙar mai yanka ta zama tasa. Ko da ta halatta, babu namiji a garin da Liborio bai zagi wuƙarsa ba a shagon aski. Liborio ya yanke shawara: a buɗe ma wuƙa ce. Abin da ake bukata kawai ta tsallake dandali ba tare da Mareshallo ya gani ba. In ta hau matakalar coci, sai ya fito da ita da sauri ya yi "tak" da bakinsa, wa zai bambance?

Safiyar Asabar ya sa kwat ɗin aurensa ya fara gwaji. Ya zura ta aljihun wando, tsinin ya fito ta gwiwa. Ya soke ta a safa, ya yi taku biyu, ya zauna yana ambaton waliyyai. Ya tura ta hannun riga, sai hannu ya ƙi lanƙwasuwa, ga shi dole ya cire hula ya yi alamar gicciye. Ƙararrawa ta fara kira. Sai idonsa ya faɗa kan burodin Almerinda da ke jere kan tebur, dogaye, kowanne kamu guda.

Ya ɗauki ɗaya, ya huda gindinsa, ya tura wuƙa ciki har ƙota ta ɓace, ya toshe ramin da ɓawon burodin. Ko uwar burodin ba za ta gane ba.

"Ka ga bambancin mai ƙwaƙwalwa da makiyayi," ya ce.

Almerinda na ɗaki tana ɗaura kallabi, ba ta gani ba.

Ya ratsa dandali da burodi a hammata, ƙirji a gaba, sanƙo na ƙyalli. Ya wuce ta gaban Mareshallo har da cire hula. Ya hau matakala ɗaya, biyu, uku, yana jin daɗin kansa. Abin da ya manta, don bai taɓa ɗaukar burodi zuwa coci da hannunsa ba, aikin mata ne, shi ne Gwaggo Gelsomina.

Ranar Waliyyi Antonio ba mai shiga coci da burodinsa. A ƙofa ake karɓewa a zuba cikin manyan kwanduna a gauraya, don in an sa albarka an raba, kada a san na mai kuɗi da na talaka. Shekara talatin Gwaggo Gelsomina ke tsaron ƙofar nan, kuma ko bishop ba ya wuce ta da ɓawo.

"Kawo."

"Gwaggo, wannan nawa ne na musamman."

"Yau babu na musamman. Kawo, ɗan nan."

"Likita ya ce in riƙa riƙe burodi saboda..."

"Na yi wa uwarka wankan jego, kada ka kawo mini likita." Ta fizge, ta jefa cikin kwando, wata mata ta juye nata guda takwas a kai, wata ta zo ta gauraya da hannu biyu. Duk burodin garin a tanda ɗaya ake gasa shi, tsawo ɗaya, launi ɗaya.

Liborio bai ji ko kalma ɗaya ta huɗuba ba. Idonsa na kan kwanduna shida da ke gaban bagade. Da Don Eliseo ya yayyafa musu ruwan albarka aka fito da su ƙofa aka fara rabo, sai ya kutsa cikin mata.

"Kawo in taya ki, Gwaggo."

"Yau kuma?"

Kowane burodi sai ya bi ta hannunsa. Ya ɗaga ya auna nauyi, ya matsa tsakiya, ya kai kunne ya girgiza, sannan ya sumbace shi don kada a yi zargi, ya miƙa. Waɗanda aka raba ta ɗaya gefen kuma ya bi su cikin taro.

"Baba, ara mini naka in sa masa albarka."

"An riga an sa."

"Ba ta kama sosai ba."

Wata tsohuwa ta ɗaga nata za ta gatsa, ya yi tsalle ya ƙwace daga bakinta, ta rufe shi da duka da jaka. Mata suka fara raɗa. Wata ta ce tun da ya aske gashin baki tsoron Allah ya shige shi. Wata ta ce ba tsoron Allah ba ne, rana ce ta bugi sanƙon. Almerinda ta tsaya gefe ta dube shi, ta dubi kwanduna, ta dubi hannunsa da babu komai, sai ta rufe fuska da kallabi.

Kwanduna suka ƙare. Ya taɓa burodin gari kaf, babu mai nauyi. Saura guda ɗaya: wanda Gwaggo Gelsomina kan ware ta ɗora kusa da cuku, wanda Fada ke gutsurawa da hannunsa kafin a yi yanka.

Makiyaya sun jeru da hulunansu a hannu. Mai gari na dama, Mareshallo na hagu, Onofrio na bayan tebur. Don Eliseo ya ɗaga hannu aka yi tsit.

"Liborio, matso."

Ya matso. "Fada, bari ni in gutsura burodin bana. Kawu ya taɓa cewa..."

"Kawunka bai taɓa cewa komai ba, shi ya sa muke son sa. Tsaya nan."

Don Eliseo ya ɗaga burodi sama da hannu biyu, ya yi addu'a, ya lanƙwasa. Burodi ya ƙi. Ya ƙara ƙarfi har wuyansa ya yi ja.

"Wa ya gasa wannan?"

Matan gari suka dubi juna, kowacce na rantsuwa da ido.

"Onofrio, kama can."

Onofrio ya kama kai, Fada ya riƙe gindi, suka ja. Burodi ya zare kamar kube. Sai ga Don Eliseo, mai shekara saba'in, tsaye a ƙofar cocinsa da wuƙa taƙi ɗaya da rabi a hannu, tsininta na nuna maɓallin cikin Mareshallo.

Wata tsohuwa ta durƙusa ta ce waliyyi ya yi abin al'ajabi. Ba wanda ya bi ta.

Mareshallo ya sa yatsa biyu ya kawar da tsinin, ya karɓi wuƙar, ya juya ta a rana. "Aikin Frosolone. Mai kyau kuwa. Ta wace ce?"

To mu mutanen Pietravento muna da aibobi, na fi kowa sanin su, amma ba mu taɓa ba ɗan sanda amsa ba. Erminio ya dubi sama kamar mai jiran ruwa. Mazan shagon aski suka shiga nazarin takalmansu. Maƙwabtan da suka kalli ƙyaure na faɗuwa suka zama makafi tun haihuwa.

"Onofrio?"

"Ban taɓa ganinta ba, Yallaɓai."

"Liborio? Na ga kana ta fama da burodi tun ɗazu."

Liborio ya dubi ƙahon nan mai ruwan zuma. In ya ce tasa ce, sai ɗakin Mareshallo. In ya ce ba tasa ba ce, ba shi da abin yanka. Ya kawar da ido.

"Ni? Yallaɓai, ni ko kusa da irin waɗannan ba na zuwa. Kayan 'yan iska ne."

"Haka ne. To ba ta da mai ita."

Don Eliseo ya karkaɗe ɓawon burodi daga rigarsa, ya dubi Liborio irin kallon da ya yi masa ranar rijiya. "Fito da wuƙarka ka yanka, mutane na jira."

Liborio ya shafa aljihun dama. Ya shafa na hagu, yatsansa ya fito ta hujin gwiwa. Ya ce wataƙila ya bar ta a ɗaya wandon. Ya ce a gaskiya ma a ƙasashen da suka ci gaba da zare ake yanka cuku, in akwai mai zare a kusa.

"Onofrio," in ji Fada.

Makiyayi ya ciro 'yar wuƙarsa mai kama da ganyen zaitun, ya buɗe ta da farce, ya shafa ta a hannun riga. Yanka ɗaya, cuku ya buɗe biyu, ƙamshinsa ya cika matakala. Maza suka cire masa hula. Ya yanki na farko ya ba Fada, na biyu mai gari, na uku ya miƙa wa Liborio a kan tsinin wuƙa.

"Ci, ɗan uwa. In ya maƙale maka, tana sakace ma."

Da Liborio ya karɓa ya yi shiru, da ya koma gida da sanƙonsa lafiya, don gari ya riga ya rufa masa asiri. Amma a daidai lokacin Mareshallo, yana hira da mai gari, ko kallon hannunsa bai yi ba, ya sa babban yatsa ya murɗa wuyan wuƙar. Ƙarfe ya kwanta cikin ƙaho lumui, kamar jariri a zani.

Cuku ya faɗi daga hannun Liborio.

"Tsaya, Yallaɓai. Yaya ka yi? Tun jiya nake fama da ita, har ƙyaure na karya."

Dandali ya fashe da dariya. Erminio ya zauna a matakala yana riƙe ciki. Don Eliseo ya juya baya yana kallon ƙofar coci, kafaɗunsa na rawa. Har Onofrio sai da aka ga haƙoransa, abin da matarsa ta ce ita ma ranar ta fara gani.

Mareshallo ya jefa wuƙar a aljihu, ya dafa kafaɗar Liborio. "Zo mu je ofis in nuna maka. Muna da lokaci har gobe."

Suka gangara matakala tare. Da suka zo daidai Almerinda, Liborio ya ɗaga murya yadda na baya za su ji.

"Almerì, kada ki jira ni da abinci. Yallaɓai na neman shawarata kan harkar makamai."

"To janar," ta ce. "In kun gama, ka tambaye shi ko ya iya mayar da ƙyaure."